Yadda ruwan kogin Kaduna ke zama wutar lantarki, da dalilin tsayar da inji don gyara

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Malam, ka ce kai mai walda ne a Panteka, kuma abu biyu ke ɗaure maka kai. Na farko, ta yaya ruwan kogi ke zama wutar da kake narka ƙarfe da ita. Na biyu, me ya sa kogin Kaduna zai cika ya batse a watan Agusta amma ba ka ga wuta ta ƙaru ba, sannan in bazara ta shigo a ce ruwa ya ja baya ko an tsayar da inji ana gyara. Kana son sanin ko gaskiya ne ko hanzari ne kawai. Shekarun aikina a ɗakin injunan tashar ruwa na yi su, don haka zan amsa maka da abin da na gani kuma na taɓa da hannuna. Ka yi haƙuri da tsawon bayanin, maganar ce ba ta gajartuwa.

Akwai wani zato da na sha ji har a bakin masu karatu, wai wuta a cikin ruwa take, inji tace ta yake yi, ruwan da ya fito kuwa ya zama lami, ba ya raya shuka. Sam ba haka ba ne. Ruwan da ya fita ta ƙasan tasha shi ne dai wanda ya shiga, masunta na kamun kifi a cikinsa, manoman rani na ban-ruwa da shi. Nauyinsa muke ci, da tsayin da yake gangarowa daga gare shi. Dalilin gina dam ke nan: a tara ruwa ya hau sama, a kuma sami ajiyar da za a riƙa ɗiba bayan damina ta wuce.

Lissafin ba shi da wuya. Ruwan da ya cika wuri mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a zurfi, lita 1,000 ne, nauyinsa tan ɗaya. Idan irin wannan ya riƙa saukowa daga tsayin mita 100 a kowane sakan, ƙarfin da ke tare da shi ya kusa megawat ɗaya, wato wat miliyan ɗaya. Inji mai lafiya zai mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ƙarfi wuta, sauran ya tafi a gogayya da zafi. Ka ga ke nan, injin da zai ba da megawat 150 a wannan tsayi sai ya haɗiye wajen lita 170,000 a kowane sakan, wato tankar mai biyar masu cin lita 33,000 har da ɗoriya, duk ƙiftawar ido. Ka riƙe abu biyun nan, yawan ruwa da tsayinsa, domin amsar tambayarka ta biyu a cikinsu take.

Kogin namu daga tsaunukan Filato yake tasowa, kusa da Vom. Ya shigo jihar nan, ya karɓi Galma mai zuwa daga wajen Zariya, ya raba garin Kaduna gida biyu, sannan ya nausa jihar Neja. A can, a wani matsatsi tsakanin duwatsu, aka datse shi aka gina tashar Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990 da injuna huɗu, kowane megawat 150, jimla 600. Bangon dam ɗin ya haura mita 100 a tsayi. Gaba da ita a kan kogin akwai sabuwar tashar Zungeru mai megawat 700, ita ma injuna huɗu. Don haka ruwan da ka gani yana wucewa ta ƙarƙashin gada in za ka Kakuri ko Barnawa, sau biyu yake juya inji kafin ya faɗa kogin Kwara daura da Pategi. Kainji mai megawat 760, wadda ta fara aiki a 1968, da Jebba ta 1985 mai megawat kusan 578, a kan Kwara suke, sama da mahaɗar, ruwanmu ba ya zuwa wurinsu. A cikin jihar Kaduna kuwa akwai dam ɗin Gurara mai ƙaramar tasha ta megawat 30, amma wani kogi ne daban, kuma babban dalilin gina shi kai wa Abuja ruwan sha.

To, mu bi ruwan ciki. Mashigarsa tana nutse a ƙarƙashin tafki, an tare bakinta da raga ta manyan ƙarafa don kada itace ko tarkace su wuce. Bayan ragar akwai ƙofar ƙarfe da ake saukewa a rufe hanya gaba ɗaya. Daga nan sai babban bututu mai faɗin mitoci, wanda ke gangarowa har gindin dam. A ƙarshensa bututun yana nannaɗewa kewaye da farfela, yana tsukewa a hankali, don ruwa ya shigo mata ta kowane gefe daidai wa daida. Tsakanin wannan nannaɗe da farfelar akwai jerin ƙananan ƙofofi, ashirin ko fiye da haka, waɗanda ke buɗewa da rufewa a tare. Su ne linzamin injin. Ruwa ya ratsa su, ya danna fukafukan farfela, ya juya ta, ya sauka ta wani bututun da ke buɗewa a hankali, ya koma kogi. Farfela iri-iri ce. Inda tsayi ke da yawa, kamar Shiroro, ana sa wadda ake kira Francis, mai fukafukai a lanƙwashe da ba sa motsi. Inda ruwa ke da yawa amma tsayin kaɗan ne, kamar Kainji da Jebba, farfelar mai buɗaɗɗun fukafukai ce, kuma a samfurin Kaplan har ana iya karkata fukafukan inji na cikin gudu.

Daga farfela wata jibgegiyar sandar ƙarfe ta miƙe sama zuwa janareta. Ɓangaren janaretan da ke juyawa an jera masa maganaɗisu kewaye da bakinsa, kuma ba maganaɗisun dindindin ba ne, nannaɗaɗɗiyar waya ce da ake ba ta 'yar wuta ta hanyar kabon. Ɓangaren da ke tsaye kuwa kwayil ne na jan ƙarfe. Maganaɗisu na giftawa ta gaban kwayil, wuta na haihuwa a cikinsa. Wutar ƙasar nan zagaye 50 take yi a sakan, kuma dole kowane inji da ke kan babban layi ya tafi a kan wannan ƙidaya. Ƙaramin janaretan gida mai kan maganaɗisu biyu sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya cim ma haka. Na tashar ruwa da aka jera wa kawuna 40, sau 150 a minti ya ishe shi. Shi ya sa baƙo ke mamakin ganin sandar tana juyawa a natse alhali garuruwa take haskawa.

Wutar babban layi ba a ajiye ta. Abin da ake sha a wannan sakan, a wannan sakan ake samar da shi. In ka ɗora sandar walda a kan ƙarfe, dubban mutane kuma suka kunna nasu kayan, nauyin yana komawa kan injuna, gudunsu ya ɗan yi ƙasa. Akwai na'urar da ake kira gwamna, ita ke jin wannan canji nan take, ta tura mai mai matsi ya ƙara buɗe ƙofofin nan, ruwa ya ƙaru, gudu ya dawo daidai. In nauyi ya ragu ta rage. Wannan ne fifikon tashar ruwa a kan ta iskar gas: cikin 'yan mintuna za a tashe ta daga tsaye ta ɗauki kaya. Saboda haka cibiyar da ke Osogbo, wadda ke raba aiki tsakanin tashoshi, ta kan jingina da tashoshin ruwa wajen daidaita layi, kuma in babban layin ƙasa ya faɗi suna cikin na farkon da ake tayarwa. Haɗarin yana ɗaya gefen. Idan layi ya katse farat ɗaya inji na ɗauke da cikakken kaya, sai ya fara gudun wuce sa'a, dole a rufe ƙofofi da sauri. Amma in an rufe da gaggawar da ta wuce ƙima, ruwan da ke tafe a bututu zai doki bango da ƙarfin da kan iya fasa shi. An auna sakan nawa ya kamata rufewar ta ɗauka, kuma ba a yarda kowa ya taɓa wannan saiti da ka.

Wutar na fitowa daga janareta da ƙarfin kilobolt goma sha wani abu, taransfoma ta ɗaga ta zuwa 330 don ta yi doguwar tafiya ba tare da asara mai yawa ba. Daga Shiroro layin ya zo babbar tashar TCN da ke Mando, a sauke ta zuwa 132 da 33, kamfanin rarrabawa ya sauke ta zuwa 11, sannan taransfomar unguwa ta ba ka 415 ko 240. Na jero maka wannan ne don ka ga yawan wuraren da wuta za ta iya maƙalewa alhali dam cike yake, injuna kuma lafiya lau. Ka tuna duhun watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin Arewa ta yi kwanaki babu wuta. An lalata turakun layin Shiroro zuwa Mando, rashin tsaro ya hana a gyara da wuri, ɗaya hanyar da ta rage ta wajen Benuwai ita ma ta faɗi. A ƙarshen damina ne wannan ya faru, ruwa bai yi ƙaranci ba. Sannan ka sani Kaduna ba ta da wani kaso nata na musamman a Shiroro. Duk tashoshi a layi ɗaya suke zubawa, mafi yawan wutar ƙasar kuma daga iskar gas take, abin da ake rabawa kullum bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. Ƙarin da damina ke kawowa yana narkewa ne a cikin wannan rabo.

Batun ruwan bazara kuwa gaskiya ne. Kogin Kaduna na damina ne. Kusan duk ruwan shekara tsakanin Yuni da Oktoba yake zuwa, kuma kai shaida ne yadda duwatsun tsakiyarsa ke fitowa fili a watan Maris. Masu tasha suna da jadawalin da ke nuna inda ya kamata ruwan tafki ya tsaya a kowane wata. Burinsu tafki ya cika daidai lokacin da ruwan sama ke ɗaukewa, sannan a riƙa ɗiba da lissafi har damina ta dawo. Duk injiniyan da ya saki injuna huɗu suna gudu dare da rana tun Nuwamba don a yaba masa, zai wayi gari a Afrilu ba shi da abin juya ko ɗaya. Ga kuma hunturu da zafin rana suna shan nasu kason ta tururi. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, in tafki ya sauka tsayin ma ya ragu, don haka lita ɗaya ta watan Mayu ba ta ba da wutar da lita ɗaya ta Oktoba ke bayarwa. Asara biyu ce a haɗe. Akwai kuma iyakar da in ruwa ya sauka ƙasa da ita mashiga za ta fara zuƙar iska, dole a tsaya. Kainji ta fi Shiroro sa'a ta nan, domin ruwa sau biyu yake zuwar mata: farin ruwa mai laka na daminarmu, da baƙin ruwa wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratso Mali da Nijar, ya iso a tsakiyar rani.

A damina kuma iyakar injin ce ke tsayar da mu. Injin megawat 150 ba zai ba da 200 ba don kogi ya cika. In tafki ya kai maƙura, rarar ruwa ta manyan ƙofofin saki ake zubar da ita, ba ta juya komai. A nan zan gyara wata magana da ake yi duk shekarar da ruwa ya shiga gidajen bakin kogi a Kigo Road ko Nasarawa, a ce an saki Shiroro. Shiroro a ƙasa da mu take, ruwan da ta saki gaba yake yi wajen Zungeru da Wushishi da ƙasar Nufawa, ba ya hawowa Kaduna. Ambaliyar garin nan daga ruwan sama ne da ya sauka a gabas da arewacinmu, da gine-ginen da aka yi a hanyar ruwa, da magudanan da suka toshe. Mutanen da ke ƙasan dam su ne ke da haƙƙin a sanar da su da wuri kafin a ɗaga ƙofa, kuma wannan haƙƙi ne mai nauyi a wuyan masu tasha.

Yanzu sai gyara, wanda shi ya fi damuna, domin a nan ake yawan zaluntar ma'aikata da mugun zato, a nan kuma ake yawan zaluntar injuna da sakaci.

Mafi yawan kulawar ba a tsayar da inji don ita. Mai aikin kwana yana zagayawa awa-awa, yana rubuta zafin boris, yawan mai, matsin ruwa, girgizar sanda. Lamba ɗaya ba ta faɗa maka komai, jerinsu ne ke magana. Boris ɗin da ya saba tsayawa a digiri 60 tun fil azal lafiyarsa ƙalau. Wanda ya saba 55 ya fara hawa a hankali zuwa 60 cikin 'yan makonni ba tare da an ƙara masa kaya ba, shi ne abin tsoro. Wanda muka fi sa wa ido shi ne babban boris mai ɗauke da nauyin duk abin da ke juyawa, haɗe da dannawar ruwa, ɗaruruwan tan. Duk wannan nauyi a kan shimfiɗar mai yake yawo, wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. In man ya yi datti, ko ruwa ya shige shi, ko ya yi zafi ya tsinke, ƙarfe zai taɓa ƙarfe, farin ƙarfen da aka shafe fuskar boris da shi ya narke, inji ya kwanta na watanni. Ruwan tafkin ne ke sanyaya man, kuma a damina laka kan toshe matatun ruwan sanyayawa. Wanke matata aiki ne da yaro zai iya, amma barinsa ya sha kwantar da injin da kuɗinsa ba ya ƙirguwa.

Girgiza kuwa ba a yi mata uzuri. Ranar 17 ga Agusta, 2009, a tashar Sayano-Shushenskaya da ke kan kogin Yenisei a Rasha, inji na biyu ya ɓalle daga mazauninsa, ruwa ya cika ɗakin injuna, mutum 75 suka rasu. Bincike ya nuna injin ya daɗe yana rawa fiye da ƙima, notunan da ke riƙe da murfin farfelar suna tsagewa sannu a hankali, aka ci gaba da gudu da shi. Alamar ta fito, ma'auni ya nuna, tsayarwar ce ba a yi ba. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ni a wurina duk shugaban tashar da ya tsayar da inji saboda girgiza, ya jure zagin jama'a da matsin na sama, ya yi aikinsa.

Akwai wata cuta ta farfela da za ka fi kowa ganewa, tunda maganinta sana'arka ce. A bayan fukafuki, inda ruwa ke gudu sosai, matsinsa yana faɗuwa har ya tafasa yana sanyi, ya yi ƙananan kumfa. Da kumfar ta isa inda matsi ya dawo sai ta fashe ciki da ƙarfi, tana tsattsage fuskar ƙarfe ɗigo-ɗigo. In ka tsaya kusa da bututun fita za ka rantse tsakuwa ake markaɗawa a ciki. Bayan shekaru sai ka tarar ƙarfe ya rarake ya yi ramuka. Abin ya fi tsanani in ana tilasta wa inji gudu da rabin kaya, ga yashin damina kuma yana ƙara gurzar wurin. Gyaran shi ne a shiga ciki, a ƙwaƙule ruɓaɓɓen wurin har a kai lafiyayyen ƙarfe, a ɗumama shi, a cike da sandar walda ta ƙarfen da ba ya tsatsa, shimfiɗa bayan shimfiɗa, ba a bari zafi ya taru wuri ɗaya ya murɗe fiffiken. Sannan a goge da giranda har ya dawo siffarsa ta asali bisa ma'aunin da aka yanka. A shafa jan ruwa, a goge, a fesa farar hoda. Duk inda ja ya ɓullo akwai tsaga, a sake. In wani fiffike ya fi 'yan'uwansa nauyi, girgiza ka saya. A kwance ko a durƙushe ake wannan aiki, cikin laima da zafi, kuma gwanayensa ba su da yawa a ƙasar nan.

Kafin mutum ya sa ƙafa a wurin, sai an sauke ƙofar mashiga, an jera shingayen ƙarfe ta sama da ta ƙasa, an zuƙe ruwan da famfo, an raba janareta da layi an ɗaure shi da ƙasa, an sa kwaɗo a kowane makunni, mai aikin ya riƙe takardar izini a hannunsa. Ana ƙirga sifana da guduma a shiga, a ƙirga a fita. Wannan shiri kaɗai yakan ci kwanaki, kuma ba a tsallake ko ɗaya, domin tafki guda ne a saman kan mutum.

Ɓangaren wuta shi ma yana da nasa. Ana gwada rufin kwayil da mega a ga ko laima ko tsufa sun ci shi. Ana canza kabon, a share ƙurarsa, don in ta haɗu da tururin mai takan zama hanyar da wuta ke bi ta ƙone kwayil. Ana ɗibar man taransfoma a kai ɗakin gwaji, domin iskar da ta narke a cikinsa tana tona asirin zafi ko tartsatsin da ke ɓoye watanni kafin ya fashe. Sai ɗakin batura, wanda baƙo ba ya ko kallo, alhali in wuta ta ɗauke gaba ɗaya da su na'urorin kariya za su raba inji da layi su rufe ƙofofi.

Bayan wasu shekaru kuma sai garambawul. A kwance janareta, a ɗaga ɓangaren da ke juyawa da babban kuren da ke rufin ɗakin, a fito da duk abin da ya ci, a mayar, a daidaita sanda ta tsaya cak. Watanni yake ɗauka. Kayan gyaran ba a kasuwa ake samunsu ba, yawancinsu sai an ba da oda a ƙera a ƙasar waje, da dala, a jira wata da watanni. Tashar da ba ta yi oda ba sai abu ya karye, ta shirya zaman shekara. Mun ga haka a ƙasar nan: kafin a miƙa tashoshin ga kamfanoni masu zaman kansu a 2013, yawancin injunan Kainji a kwance suke, sai da aka yi shekaru ana farfaɗo da su ɗaya bayan ɗaya. Injin ruwa in ana ba shi haƙƙinsa yana haura shekara hamsin yana aiki, kuma Kainji ɗin ce shaida.

Me ya sa sai a bazara, lokacin da zafi ya fi tsanani kuka fi buƙatar wuta? Saboda a lokacin ruwan da ma ba zai ishi injuna duka ba. In an tsayar da ɗaya, ruwansa yana nan a tafki, sauran za su ci shi. In aka tsayar da shi a Satumba kuwa, ruwan da zai sha ta ƙofar saki zai zube, ba ya dawowa. Abin da nake ganin kuna da haƙƙi a kansa shi ne a faɗa muku tun da wuri, a faɗi inji nawa ne da kuma ranar da ake sa ran gamawa, don mai sana'a irinka ya tsara aikinsa. Gyaran da aka sanar da ranar farawarsa da ta gamawarsa alamar tasha mai tsari ce. Wanda ya faɗo kwatsam babu ranar ƙarewa, yawanci wani abu ne ya karye.

Shi kansa bangon dam ana jinyarsa. Babu dam ɗin da ba ya tsattsafo da ruwa ko kaɗan, shi ya sa aka yi masa magudanai a gindi, ana auna abin da ke fita. Yawan ya kamata ya bi hawa da saukar tafki. In ya ƙaru haka kawai, ko ruwan da ya saba fitowa garau ya fara zuwa da laka, to ruwa ba ya tsami banza, cikin bangon yake kwashewa. Akwai na'urori da aka binne masu auna matsin ruwa a cikinsa, da alamomi a samansa da masu safiyo ke dubawa ko ya zauna ko ya gusa. A dam ɗin ƙasa ba a barin itace ya girma a jiki, ana kuma farautar gara da ramukan dabbobi. Kafin kowace damina sai an gwada ɗaga ƙofofin saki ɗaya bayan ɗaya, an tabbatar janaretan dizal na ko-ta-kwana yana tashi, saboda daren da ruwa ya fi yawa shi ne daren da wutar layi ta fi saurin ɗaukewa. Abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle, ya isa ya nuna girman abin da bango ke tare da shi, ko da yake shi ba na lantarki ba ne.

Akwai ɓarnar da babu injiniyan da ke iya gyarawa daga cikin tasha. Jan ruwan nan da kake gani a Agusta ƙasar gonaki ce, daga Lere da Kauru har Igabi da Chikun. Da ya isa tafki gudunsa ya mutu, sai lakar ta kwanta a ƙasa, kuma duk inda ta kwanta ta cinye gurbin ruwan da za a ajiye don rani. Ana auna ta da jirgin ruwa mai na'urar gano zurfi, amma yashe tafki mai wannan girma ya fi ƙarfin aljihun kowa. Sare itatuwan bakin rafi don gawayi, da noma har gaɓar ruwa, da haƙar ma'adinai barkatai, duk suna ƙara ta. Haka sharar da ake zubawa a kwata in hadari ya haɗo: leda, gorunan roba, tsumma, da kainuwa da guntayen itacen da ruwa ya kwaso, wani kasonsu yana tafiya har ya manne a ragar mashiga. In raga ta toshe, ruwan da ke isa farfela yana raguwa, matsi ya taru a kan ragar har ya iya lanƙwasa ta, dole a rage wa inji kaya a kwashe da injin kwasa, wani lokaci har a tura masu nutso. Kuma a tsakiyar damina wannan ya fi faruwa, lokacin da kowace awar da inji ya yi a rage, ruwanta ta ƙofar saki yake tafiya.